Ruwan da Bai Kwana Ba

Litinin, 3 ga Maris

Yau yarana sun fitar da ni kunya. Da safe na zuba musu ruwan rinin baƙi wuluk, da la'asar na ɗebo a kwalba na ɗaga saitin taga, sai ga shi kamar shayin da aka yi wa rowar ganye. Dokta, malamin da ke duba aikina, ya karɓa ya jujjuya, ya ce, "Ba laifi." A bakin Dokta wannan lambar yabo ce. Mutumin nan ko 'yar cikinsa ban jin ya taɓa ce mata ta yi ƙoƙari.

In wani ya tsinci littafin nan, Allah ya kiyaye, zai zaci 'ya'ya gare ni. Laka ce. Laka mai rai da na ɗebo daga matatar ruwan ƙazanta tun Nuwamba, cike da ƙwayoyin halitta masu cin datti. Tana cikin tankin roba a ɗakin gwaji, ɗan famfon iska yana hura mata dare da rana. Da farko ko ɗigon rini na sa musu sai rabi su mace. Kaɗan-kaɗan na dinga ƙarawa, kamar mai lallaɓa yaron yaye, har suka saba. Wata huɗu ke nan ina fama. Yanzu ruwan da masana'antar rini ke zubarwa suke ci tsagwaronsa.

Su ne aikina na kammala digiri kaf. In babu su babu sakamako, in babu sakamako ba zan fita bana ba. Ƙarshen Mayu ake miƙawa.

Alhamis, 6 ga Maris

Tankin Kwalisa ya sake yin kumfa. Wari kuwa sai ka rantse gawar ɓera ce a ciki.

Tausayi take ba ni. Ɗakinmu ɗaya tun ajin farko, tankinta na gefen nawa, kuma ita kaɗai ce a duk sashenmu take goge farar rigar gwaji ta fesa mata turare, shi ya sa sunan ya bi ta. Nata aikin a kan ruwan wanke-wanken ɗakin cin abinci ne, mai da sabulu. Sau biyu lakarta tana mutuwa.

Ta ce, "Ƙawas, ki ɗan sam min kofi biyu na taki mana, ko tawa ta farfaɗo."

Na ce ta yi haƙuri sai tsakiyar Afrilu in na gama jerin awon da nake yi. Dokta ya gargaɗe ni, in yawan lakar ya canza a tsakiyar gwaji, duk abin da na auna a baya ya tashi a banza. Ta yi dariya ta ce, "Mai rowar laka! Allah ya so mu ba zinariya aka ba ki ba." Muka yi ta dariya har Baba Makulli, dattijon da ke kula da ɗakin gwajin, ya leƙo ya ce ko biki ake yi ba a gayyace shi ba.

Na yi mata alkawari, ranar da na gama, rabin tankin ma nata ne.

Asabar, 15 ga Maris

An yi wa Yaya aiki, an ciro namiji. Tana lafiya amma ta jigata, Mama kuma ƙafarta ta tashi. Dole in je.

Na damƙa wa Kwalisa yarana. Awo zai jira ni, ita dai ta ciyar da su. Na nuna mata ma'aunin rinin, na nuna mata layin da na ja a jikin tankin, wanda ruwa bai kamata ya sauka ƙasa da shi ba. Na cika koren bokitina na bar shi a buɗe. Har na fara cewa kada ta manta ruwan famfo sai ya kwana biyu a bokiti kulorin ɗin, maganin da ake zuba masa, ya fice, ta toshe min baki da hannu.

"Haba Hajiya! Abin da aka koya mana ranar farko? Tafi ki ga ɗanki, yaranki suna hannun uwarsu ta biyu."

Ta raka ni har tasha, ita ta riƙe min jaka.

Laraba, 19 ga Maris

Gida. Jaririn nan huhu gare shi, ba ya kuka sai ihu. Ina shiga mijin Yaya ya toshe hanci ya ce, "Jama'a a buɗe tagogi, Injiniyar Kwata ta iso." Na ce ai gara ni, kwatar nake gyarawa, wasu kuwa cika ta kawai suka iya.

Baba ya kira ni gefe bayan 'yan barka sun watse. Tambayarsa dai ɗaya ce, "Bana dai ko?" Na ce bana in Allah ya yarda. Ashe ya riga ya gaya wa duk abokan hirarsa, har da mai gyaran rediyon bakin layi. Ya ce tun da ya bar aiki ba abin da yake jira sai ranar nan.

Kwalisa ta turo saƙo, yara lafiya lau, suna gaishe ki.

Litinin, 24 ga Maris

Sun mutu.

Ban san yadda zan rubuta ba. Tun daga bakin ƙofa na ji warin. Ruwan baƙi ƙirin yadda aka zuba shi, 'yar lakar da ta rage ta taso sama tana yawo guntu-guntu. Na ɗiga a gilashi na sa a madubin ƙara girma, babu abin da ke motsi. Da kuwa in ka leƙa kamar kasuwa.

Kwalisa ta rungume ni tana kuka. Ta ce an ɗauke wuta ranar Juma'a tun safe har dare, ba a tada janareto ba, iska ta tsaya. Ta ce ta kasa gaya min a waya saboda halin da Yaya take ciki. Ni ce ma na koma ina ba ta haƙuri.

Talata, 25 ga Maris

Na tare Baba Makulli a baranda, gaban ɗalibai. Na ce masa makullan da yake yawo da su ado ne? Mene ne aikinsa in ba zai iya tada inji ba? Na ce ya kashe min wata huɗu yana zaune yana gyangyaɗi. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba zan rubuta ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "'Yata, wuta ba ta ɗauke ba ranar Juma'a." Na ce ai dama me zai ce.

Kwalisa ce ta ja hannuna, tana cewa in rabu da shi, tsufa ne.

Alhamis, 27 ga Maris

Dokta ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce abin da na auna bai kai rabin abin da ake buƙata ba. Sabuwar laka daga matatar ruwan sai ta yi wata uku zuwa huɗu kafin ta saba da rini, kuma ba a yi wa ƙwayoyin halitta gaggawa. Ya ce in fara shirya zuciyata, wataƙila sai baɗi.

Baɗi. Da wane bakin zan gaya wa Baba?

Asabar, 29 ga Maris

Ban fita ba. Kwalisa ta kawo min burodi da shayi har gado, ta ce in ci ko don ita.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na wanke tankin na kife shi. Ina zuwa ɗakin gwaji ne kawai don zaman ɗaki ya ishe ni.

Tankin Kwalisa kuwa ya warke sarai, ba kumfa ba wari. Ta naɗe shi da baƙar leda, wai haske ne yake damun sa. Dokta ya duba ruwanta ya ce ba laifi. Na taya ta murna, kuma wallahi har zuciyata. Na ce cikinmu dai ɗaya ta tsira.

Baba Makulli yana amsa gaisuwata, amma ya daina ce min 'yata.

Juma'a, 4 ga Afrilu



Kwalisa ta ɗebi lita ɗaya daga tankinta ta zuba a dogon gilashin awo, don ta ga yadda lakar ke kwanciya. Sai aka kira ta ofishin sashe, ta fita da sauri ta bar shi a kan tebur. Ina zaune ba aikin fari ba na baƙi, ina kallon lakar tana sauka a hankali.

Shuɗiya ce.

Lakar ruwan wanke-wanke ruwan ƙasa take, kowa ya sani, tata ma haka take tun Nuwamba. Tawa ce rini ya kama jikinta ta koma shuɗi-shuɗi, har Kwalisa take min tsiya wai yarana sun sa kwalli. A duk ginin nan babu tankin da ya taɓa ganin rini sai nawa.

Na tashi na yaye baƙar ledar. Ga su nan, suna juyawa cikin iska, ɓul-ɓul da su. Yarana.

Ashe kura na ba ajiyar nama. Ni da na bar ta ta share min hawaye da gefen gyalenta.

Asabar, 5 ga Afrilu

Jiya ban ce komai ba, don na san in na buɗe baki a ɗakin gwaji sai an fasa gilashi. Yau da safe tana shafa mai na ce, "Wace Juma'a aka ɗauke wutar?" Ta kalle ni ta madubi, ta ajiye kwalbar.

Ga abin da na iya riƙewa cikin kukanta. Wai kofi biyu ta yi niyya. Ta ga bai kama ba ta ƙara. Washegari ta ƙara. Bokitina kuma ta riga ta juye shi a nata tankin. Da ta duba sai ta ga ruwana ya sauka ƙasa da layi sosai, ta ji tsoro zan gane, sai ta jawo tiyo ta buɗe famfo kai tsaye. A makon nan kuwa aka wanke babban tankin makaranta, ruwan har warin magani yake. Ta sani. Ta ce ta ji warin tana zubawa. Sannan ta ci gaba da ɗura musu rini cikakken ma'auni, 'yan tsirarun da suka rage a raunane, don kada in ga an rage abinci.

Ba satar ce ta kashe su ba. Ɓoye satar ce. Da ta bar ruwan a ƙasan layi, da na dawo na yi masifa kwana biyu, awona ya ɓaci, amma da suna raye.

Na ce, "Kika tsaya ina zagin dattijo a gaban jama'a, kika ce min tsufa ne?"

 Sai ta ce, "Da kin ba ni tun ranar da na roƙe ki..."

Nan ne na ji kamar in shaƙe ta. Wato ni ce ma mai laifin! Na kwashe katifata na koma ɗakin 'yan ajinmu da ke ƙasa. Shekara huɗu muna cin abinci a kwano ɗaya. Ta san ciwon Mama, ta san maganar Baba, ta san komai. Wannan shi ya fi min zafi, ta san abin da take taɓawa.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na je na durƙusa gaban Baba Makulli, a barandar da na yi masa rashin kunyar. Ya ce in tashi, ya wuce. Bai tambaye ni me na gano ba, ni ma ban faɗa ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na shiga ofishin Dokta da niyyar in fasa ƙwai kowa ya ji warin. Ina zama sai bakina ya ɗauko wata hanya. Na ce, ranka ya daɗe, da a ce ƙwayoyin da suka saba da rini sun yi mako uku suna cin wani abu daban, za su iya komawa?

Ya leƙo ni ta saman tabarau. Ya ce ba su manta ba tukuna, mako biyu ko uku za su dawo, amma kowace rana da ta wuce tana rage su. Sannan ya ce, "Akwai abin da kike so ki faɗa min?"

Na ce in ɗalibi ya kai ƙarar wani a kan aikin gwaji, me ake yi? Ya ce kwamiti ke zama, kuma a rufe duk abin da ake rigima a kai har a yanke hukunci. Na san kwamitin nan, sai su yi wata biyu ba su haɗu ba. Tankin da aka rufe wa zai ciyar da shi?

Na ce tambaya ce kawai. Ya ce, "To."

Kin ji masifa. In na tona mata asiri, yarana su mutu karo na biyu. In na yi shiru, ta ci bulus. Kuma duk duniya babu inda irinsu ya rage sai a tankin ɓarauniyata.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Ba zan roƙe ta ba. In roƙi abina? Gara in maimaita shekarar.

Baba ya kira, yana tambaya ko an sa ranar bikin yaye ɗalibai. Na ce ba a sa ba tukuna.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na shigo da safe na tarar an ɗaga tankina an wanke an ajiye shi daidai, a gefensa kuma babban bokiti cike da shuɗiyar laka mai kauri. Ba kofi biyu ba ne, ya fi ƙarfin abin da ta ɗauka ma. Ba ta nan.

Na ce ba zan taɓa ba. Sadaka za ta ba ni da kayana? Na zauna na juya wa bokitin baya ina karatun da ba ya shiga. Laka mai kauri haka in ba iska ba ta daɗewa, na sani. Wajen azahar na fara jin ɗan tsami-tsami.

Su me suka yi min? Na tashi na juye su, na jona famfon iska. Sai na tuna ba ni da ruwan da ya kwana, tunda bokitina a kife yake tun da abin ya faru. Na duba ƙarƙashin tebur, sai ga koren bokitin a cike, a buɗe, har 'yar ƙura ta kwanta a samansa. Aƙalla tun Asabar aka tara shi.

Na yi amfani da shi. Wannan ba yafiya ba ce, a rubuta.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ɗigon rini kaɗan. Sun ci, ba da marmari ba.

Muna aiki kafaɗa da kafaɗa ba mai ce wa wani uffan. Ta daina fesa turare. Ko a jikina.

Talata, 29 ga Afrilu

Rabin ma'auni, kuma ruwan ya washe kafin la'asar. Na leƙa madubi, kasuwa ta fara ci. Dokta ya tsaya a kan tankin ya daɗe, ya kalli shuɗin, ya kalli na Kwalisa, ya ce in na dage ba hutu har ƙarshen Mayu zan iya haɗa abin da zai isa. Da ƙyar, amma zai isa. Ya ƙara da cewa duk wanda ya yi amfani da irin lakar wani dole ya rubuta haka a aikinsa, baƙi da fari. Bai kalli kowa ba da ya faɗa. Kwalisa ta ce, "Na riga na rubuta, ranka ya daɗe." Oho dai.

Na fita baranda na yi kuka. Baba Makulli ya wuce da makullansa ya ce, "'Yata, lafiya?" Sai kukan ya ƙaru.

Asabar, 3 ga Mayu

Tankinta ya fara kumfa. Dole, ta kwashe masa ƙarfi ta ba ni, ɗan abin da ya rage ba zai iya da man nan ba. Na ji 'yan ajinmu suna cewa in ya sake mutuwa ita ce za ta kai baɗi.

Ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Abin da na ce ke nan, da ƙarfi ma, don a kai mata.

Ta rame. Wai babarta ta kira sau uku ba ta ɗauka ba. Ni me ya shafe ni da har ake gaya min?

Laraba, 7 ga Mayu

Cikakken ma'auni yau. Na kira Baba na ce bana. Ya ce ai dama ya sani.

Yarana sun yi yawa har sun wuce adadin da Dokta ya ƙayyade, dole kullum in rage kofi ɗaya don lissafi ya tsaya daidai. A ƙa'ida a kwata ake zubar da rarar. Jiya na zubar. Yau na tsaya da kofin a bakin kwatar, sai na ga asara ce, laka mai kyau haka. Na ajiye shi a kan tebur, can gefe, wajen da tankunan suka yi iyaka. Da na dawo daga cin abinci kofin a wanke yake a kife.

Ba ta yi min godiya ba. Gara da ba ta yi ba.

Juma'a, 9 ga Mayu

Har yanzu in na tuna yadda ta rungume ni ranar nan tana kuka, sai fushin ya dawo min sabo. Ban yafe ba. Ban ma san ko zan iya ba, kuma ba zan koma ɗakin ba.

Tana can ɗakin karatu tun safe tana gyaran babi na uku, ta manta bokitinta ba ko ɗigo, ga shi ranar Lahadi za ta buƙaci ƙari. Da wannan rikicewar tata, wa ya san abin da za ta jawo ta zuba. Yarana ne a ciki, ko ba komai.

Ina tara nawa ne dama, tiyon yana hannuna. Na cika biyu, na bar su a buɗe.